Akwatin da Yaya Ya Haɗa wa Auta

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa, bangon ma na falanki, don haka duk abin da ya faru a wajensa sai haƙorana sun ji a jikinsu. Ni gyaran kujeru nake yi, soso da leda da kushin. Shi kuwa tsofaffin akwatunan sifika yake tayarwa, irin waɗanda masu jita da masu bes, wato jita mai kaurin murya, ke jona wa amfilifaya. In ya gama akwati ya tashi gwaji, ƙusoshin da ke cikin gwangwanina sai su kama rawa, kofin shayina ya kama hanya shi kaɗai zuwa bakin tebur. Na sha gaya masa ranar da haƙorana suka zube, shi zai riƙa tauna mini nama. Bai taɓa dariya ba. Sai dai ya leƙo ta ƙofa ya tambaye ni ko na ji ƙasan. Ƙasa a bakinsa ita ce muryar nan mai kauri da bes ke fitarwa, wadda ƙirji ke riga kunne ji.

Kowa a layinmu Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ƙanensa Auta ne ya fara, sunan ya bi shi.

Da can kafinta ne na gado da ƙofa. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, mahaifiyar ma ba ta jima ba ta bi, sai riƙon ya faɗo a kansa. Shi ya yi wa Auta wanka, shi ya kai shi makaranta, shi ya zane shi da ya gudo, shi ya kuma shafa masa mai a inda ya zane. Da Auta ya zama saurayi ya ce kiɗa zai yi, Yaya ya daina amsa gaisuwarsa. Ana cikin haka wata rana Auta ya shigo gida da wani tsohon akwati da ya samo a hannun wani, ya jona, ya ja tsirkiyar bes ɗinsa mai kaurin nan. Akwatin ya hau ɓarari kamar tsohuwar mota a kan gargada. Yaya yana tsakar gida. Kiɗan bai dame shi ba, katakon ne ya ɓata masa rai. Ya shiga ɗakin ba sallama, ya kwance bayan akwatin, ya ga falanki siriri kamar biskit, ya tambayi wane marar kunya ne ya yi wannan aikin ya kuma iya barci. Ya ɗauke akwatin ya kai shago. Da ya dawo da shi, muryar ta zauna daram. Wannan ne sulhunsu, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Abokan Auta suka ji, suka kawo nasu. Kafin a farga Yaya ya bar gado da ƙofa. Na ce masa ya taimaki masu aure, gadonsa sai an rushe bango kafin ya shiga ɗaki.

Aikinsa abin kallo ne, in kana da haƙuri. In aka kawo akwati ba ya fara jona shi. Zai zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, sama, gefe, baya, kansa a karkace kamar mai sayen kankana. Inda ya ji sauti kamar ganga, sai ya sa alli. Sannan ya kwance sifikun, ya zazzage cikin. Abin da ke fitowa daga tsohon akwati ba ya faɗuwa: kashin ɓera, murfin kwalba, safa ƙafa ɗaya, har cokali na taɓa gani. Ya kankare tsohon gam, ya sake manne kowace kusurwa, ya gitta katako a ciki duk inda ya sa alli, ya lulluɓe bangon ciki da auduga. Sifikar da takardarta ta yage ko ta gaji ya cire ta, ya sa wadda maganaɗisunta ya fi girma. Wayoyin ciki ya sake su da masu kauri, ya ɗora dalma tsaf. Daga nan sai a turo mini in yi wa akwatin sutura da baƙar leda, in sa ƙarafan kusurwa.

Aƙidarsa guda ce, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. Sifika ce ya kamata ta motsa, akwati ya tsaya cak. Akwatin da ke rawa yana satar murya. Maganin rawa kuwa nauyi. In mutum ɗaya ya ɗaga akwati yana murmushi, Yaya ya ce wannan kwandon kaji ne. Taya ma ba ya sawa. Ya ce taya na kaɗawa, kuma tana raba akwati da daɓe, ƙasan ya tsere. Masu kiɗa suka yi ta gunaguni, suka kuma yi ta kawowa, don in aka kunna aikinsa a zaure, na kujerar ƙarshe ma sai ya ji a cikinsa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya yi wa akwatin Auta. Yaya mutum ne da bai iya cewa sannu da ƙoƙari ba. In yana son ya yabi ƙanensa, sai ya ƙara wa akwatinsa katako. Duk sifika mai kyau da ta shigo shagon, a can take ƙarewa. Auta ya yi aure, aka ƙara wa bayan akwatin falanki na biyu. Aka yi masa haihuwa, aka sake sifiku da manya. Ni na raɗa wa akwatin suna Gwaggo, saboda ba ta tashi sai an taru, in kuma ta yi magana kowa sai ya yi shiru. Sunan ya kama, har Yaya kansa ya koma faɗa.

Auta a saman bene yake zaune, ɗaki biyu a ƙarshen wata matattakala mai kwana. Ƙasan benen da laima, kuma Yaya ya yi hani da babbar murya kada a bar Gwaggo inda damshi zai shiga katakon. Saboda haka duk ranar wasa sai a sauko da ita, a loda a mota, a sauke, a kai kan dandamali, a gama a sake bin hanyar a baibai. 'Yan ƙungiyarsu mutanen kirki ne har lokacin ɗaukar kaya ya yi. Mai ganga ya tuna yana da kira a waya, mawaƙin ya ce likita ya hana shi yunƙuri saboda murya. A matattakala kuwa ko an so taimako wurin ba ya cin mutum biyu da Gwaggo. Auta ya koyi rungumarta a ƙirji, ya jingina da bango, yana hawa yana hutawa.

A hankali tafiyarsa ta sauya. Da in zai shigo layinmu tsalle yake yi ya ƙetare kwata. Sai ya koma zagayawa ta kan gadar katako. In zai zauna a bencina sai ya dafa gwiwa, in zai tashi sai ya dafa ni. Na tsokane shi na ce amarya ce ko Gwaggo, ya yi dariya ya ce tsufa ne. Mai bes kuwa da bayansa yake cin abinci, don a tsaye yake wasa, jitar a rataye a kafaɗa, har a watse.

Na gaya wa Yaya Gwaggo za ta karya masa ƙane. Ya ce yaran yanzu ne ba sa cin abinci, shi yana shekarun Auta ƙofar katako yake ɗorawa a ka ya ratsa gari. Ya ƙara da cewa in da nauyin ya yi yawa ai Auta zai faɗa, da bakinsa. Na ce wanda ka yi wa wanka ba ya gaya maka ruwan ya yi zafi. Ya ce in koma in ji da sosona.

Yana da wata ɗabi'a, lokaci-lokaci sai ya aika a kawo Gwaggo ya duba ta, ko ba abin da ya same ta. Auta bai taɓa ƙi ba. Sai na fara lura da wani abu a ledar. Yagewar da hanya ke yi wa leda daban take, tana da baki kaca-kaca, kuma a kusurwa take. Waɗannan kuwa a miƙe suke, a tsakiyar gefe, kamar aikin reza. Na ɗauka 'ya'yansa ne ke ɓarna, na liƙe na yi shiru.

Wata safiya aka kawo ta, Auta ya tafi ya ce zai dawo da la'asar. Aka kwantar da ita a kan tebur, Yaya ya haska tocila cikin ramin da iska ke fita ta gaba. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya buga bango ya kira ni. A cikin ramin zanzaro ya yi gininsa na laka, ɗaki bisa ɗaki, ya bushe ƙayau, ko tsaga babu. Ni ban gane ba, na ce Gwaggo ta samu 'yan haya. Yaya ya ce in da an ja tsirkiya ko sau ɗaya da wannan akwatin, iskar da ke fita ta ramin da ta mai da ginin gari. Ya taɓa takardar sifikar da yatsa, ƙura ta kwanta a kai lif.

"Gwaggo ta daɗe ba ta yi magana ba," in ji shi.

Da Auta ya dawo, Yaya ya tambaye shi yadda ta yi a wasan da ya wuce. Auta ya ce ai ba a magana, har mai zauren sai da ya zo ya tambayi wanda ya haɗa ta. Yaya ya kalli tebur ya ce madalla. Ya ce a bar ta a nan tukuna, akwai abin da zai duba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon mutum biyu da ke son juna suna yi wa juna ƙarya cikin ladabi.

Bayan Auta ya fita Yaya ya zauna a kan wani akwati, hannu a haɓa. Ya riga ya yanke hukunci shi kaɗai. A ganinsa Auta ya ji wani akwatin da ya fi Gwaggo murya, yana wasa da shi a ɓoye, kunya ta hana shi faɗa. Na ce masa ba murya ba ce, nauyi ne, ya dubi yadda yaron ke tafiya. Ya ce mai kiɗa ba ya barin akwati don nauyi, don murya yake bari, ni me na sani ban da inda mutane ke ɗora mazaunansu. A duniyar Yaya ciwo ɗaya akwati ke yi, maganinsa kuma ɗaya.

Ya rufe ƙofa ga kowa. Ya bi masu tsofaffin kaya har ya samo wasu sifiku da aka ciro daga wani gidan kallo da aka rushe, maganaɗisunsu kamar dutsen niƙa. Ya faɗaɗa ramukan gaba, ya ninka falankin da zai riƙe su, ya ƙara gicciye a ciki. Ban taɓa ganin ya yi aiki da irin wannan natsuwar ba, har waƙa na ji yana yi a hanci. Ranar gwaji kalandar da ke bangona ta faɗo. Gaskiya ban taɓa jin murya irin wannan ba, kuma ban sake ji ba. Ya leƙo fuskarsa kamar ta ango ya ce yanzu a kawo akwatin da zai ja da ita.

Auta ya zo ɗauka da hantsi. Yaya ya kunna masa, yana kallon fuskarsa. Auta ya saurara ya ce Allah ya saka da alheri, Yaya, wannan kam ta wuce misali. Mu uku da direba muka tura ta cikin mota. Na ga lokacin da Auta ya gwada mariƙin ya ji abin da aka ƙara, ya ɗan rufe ido. Na ce ya jira in rufe shago in bi shi, ya ce akwai maƙwabta a gida.

Babu maƙwabta, duk sun fita aiki. A kwanar matattakalar abin ya faru. Matarsa ta ce ba ta ji faɗuwa ba, kiran sunanta kawai ta ji a hankali. Ta fito ta same shi a durƙushe, Gwaggo a ƙirjinsa, ya ƙi sakin ta kada ta gangara ta fashe.

A barandar asibiti matar Auta ta gaya wa Yaya sauran. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga murya a gabansa ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce tun bara likita ya ɗauki hoton bayansa ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. Ta ce wani ɗan ƙaramin akwati na kamfani yake wasa da shi, yana ajiye shi a gidan mai ganga don kada labari ya iso shago. Gwaggo kuwa tana kusurwar ɗaki an rufe ta da zane, ba ta sauka sai ranar da Yaya ya aika. A daren da za a kai ta, Auta kan ɗan sassauta ƙusa ɗaya, ya ja reza a ledar, don a ga alamar tana aiki. Ta roƙe shi ya faɗi gaskiya har ta gaji.

"Ba don wasa yake ɗaukarta ba, Yaya. Don kai yake ɗauka."

Yaya ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar.

An yi wa Auta aiki a baya, ya daɗe a kwance. Yaya kullum yana zuwa da safe, ya zauna, ya tambayi jiki, ya gyara masa matashi, ya tashi. Daga can sai shago, inda ya kama aikin da ya fi kowane ba shi wahala a rayuwarsa: akwati marar nauyi. Hannunsa bai san hanyar ba. Ya yanka falanki siriri, ya ƙwanƙwasa, ya ji yana amsawa kamar ganga, hannun ya kai kan katako mai kauri da kansa, sai ya janye. Ya haɗa ya wargaza ban san adadi ba. Ya je ya karɓo ɗan akwatin nan daga gidan mai ganga, ya buɗe shi, ya zauna yana kallon cikinsa kamar mai karatu. Irin sifikun zamani masu ƙaramin maganaɗisu da ya saba yi wa ba'a, su ya sa. Maimakon gicciye masu kauri ya yi 'yan haƙarƙari sirara, yana matsar da su kaɗan-kaɗan har rawar ta mutu. Da ya turo mini, ya ce kada in sa leda, in nemo yadi marar nauyi. Na ɗaga akwatin da hannu ɗaya. Wasan ya zo mini har baki, na haɗiye.

Lokacin da ya gama, Auta ya dawo gida. Yana tafiya da sanda, ƙafar hagu tana ɗan ja, in ya tsaya kaɗan sai ta mutu. Likita ya ce jijiyar ta daɗe a danne, abin da ya dawo shi ne zai dawo. Ƙungiyar ta jira iya jiranta, ta ɗauki wani.

Na raka Yaya kai akwatin wata rana da tsakar rana. Auta yana zaune a bakin gado. Aka miƙa masa jitar, ya ɗora a cinya, ya jona, ya ɗan yi wasa. Muryar ba ta kai ta Gwaggo ba, amma tana da kyau, a zaune take. Ya ce ya gode. Ya sa yatsa biyu a mariƙin ya ɗaga akwatin daga zaune, ya yi 'yar dariya, ya ajiye.

Yaya ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko.

"Da wane bakin, Yaya? Duk lokacin da ka ƙara mata wani abu, na san abin da kake nufi."

Gwaggo tana kusurwa, inda maƙwabta suka jawo ta suka bari. Matar Auta ta ce in ba damuwa a fitar da ita, ba ta son ganinta a ɗakin. Na ce bari in kira mutane. Yaya ya ce kada in kira kowa, kada kuma in sa hannu. Ya tuɓe riga ya ba ni. Ya ja ta zuwa bakin matattakala, ya durƙusa, ya rungume ta a ƙirji, ya miƙe da ƙyar. A shago kullum a kan tebur take, ko a hannun mutum uku. Ashe tunda ya haɗa ta bai taɓa ɗaukarta shi kaɗai ba.

Bai kai kwanar ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya jingina da bango ya sulale har ya zauna, Gwaggo a kan cinyarsa. Yana haki, ya ɗago ya kalle ni.

"Haka take?"

Na ce haka take, kuma wannan sauka ce, ba hawa ba.

Daga cikin ɗaki Auta ya kira shi, ya ce ya bar ta a nan kada ya ji ciwo. Yaya ya amsa da cewa yana hutawa ne. Ya daɗe a zaune a wurin, fuskarsa a jikin ledar, kafin ya yarda na kira maƙwabta.

Auta bai koma dandamali ba. Gyaran waya yake yi yanzu a wani ɗan shago kusa da gidansu, aikin zaune. Akwatin nan marar nauyi da Yaya ya haɗa masa yana gefen gadonsa, wani lokacin in yara sun matsa masa yakan jona ya yi musu kaɗan. Yaya yana zuwa duk ƙarshen mako ya duba shi, ya ƙwanƙwasa sama da gefe, ya ce lafiya lau yake. Sannan su zauna su yi hirar tsadar katako har lokacin tafiya ya yi.